Fim ɗin da Na Wanke da Ruwan Tuwo

Shagona na hoto yana bakin titin da ya miƙe daga Jibiya zuwa iyaka, tsakanin mai facin taya da wata mai sayar da shinkafa da wake. Yawancin aikina hoton fasfo ne. Direbobin manyan motoci, masu canjin sefa, matan da za su ƙetara Maraɗi biki suna tsoron kada jandarma ya tare su ya ce ina takarda, duk ni suke nema. Hoto mai kala Katsina ake kai shi inji ya wanke, sai mutum ya jira. Baƙi-da-fari kuwa da hannuna nake wanke shi, a wani ɗan ɗaki cikin gidana da ke bayan shagon, wanda na toshe tagarsa da tsohon bargo. Saboda wannan ɗaki ne kawuna, wan mahaifiyata, yake ce mini Sarkin Duhu.

Mutane suna zaton gwanintar mai hoto a latsa kyamara take. Latsawa ai kowa ya iya, a wanki ake gane mutum. In ka naɗe fim cikin duhu ka sa shi a gwangwaninsa ka rufe, ka zuba maganin farko, sai ka riƙa kifa gwangwanin kana miƙar da shi a hankali, ka ɗan buga gindinsa a tebur don kumfa ta saki fim, ka ajiye ya huta, ka sake ɗauka. In ka girgiza da ƙarfi kamar mai kaɗa nono a gora, gefen hoton ya yi zane-zane. In ka yi lalaci ka bar shi zaune, magani ya gaji a wuri ɗaya, fuskar mutum ta fito dabbare-dabbare. Bayan magani na biyu, wanda yake tsayar da hoto, sai ɗauraya. A nan ne yawancin abokan sana'ata suke ha'inci. Su tsoma fim a ruwa su cire su shanya, damina ɗaya ta wuce hoto ya koma ruwan ɗorawa. Ni nakan yi ta sauya ruwa har sai hannuna ya gaji, kuma ruwan randa kaɗai nake taɓa fim da shi. Fuskar fim in ta jiƙe laushi gare ta, a zafin Jibiya ko ruwan durom da ya sha rana yana iya sa ta yi ƙuraje. Randa biyu na ajiye a inuwa don wannan aiki, kuma kowa a gidan ya san ba a tsoma moɗar sha a cikinsu. Na taɓa yi wa maiɗakina faɗa na wuni guda a kan haka, har maƙwabta suka zaci wani abin kirki ne ya haɗa mu.

Da aka ƙaddamar da shari'a ina cikin waɗanda suka yi murna. Na sauke hotunan matan da ke manne a allon ƙofar shago tun kafin kowa ya ce in sauke. Sai dai tare da ita wasu samari suka taso, waɗanda jiya-jiya muke ganinsu suna lodi a tasha, yau sun fi liman sanin Allah. Ba wanda ya naɗa su, su suka naɗa kansu. Su leƙa nan, su leƙa can. Sun sha shigowa shagona su buɗe albam suna juyawa, ni kuwa ina tsaye raina yana tafasa bakina yana cewa sannunku da aiki. A lokacin labarin bulala ya cika gari. Yau a ce an tsula wa wane a wuri kaza saboda an ji warin giya a bakinsa, gobe a ce wani ne. Ban taɓa gani da idona ba, amma abin da na ji ya ishe ni.

Kawu manomi ne a wajen Bugaje. Gonarsa ta haɗa iyaka da ta wani tsohon Bamaguje tun zamanin iyayensu. 'Ya'yan tsohon duk sun shiga coci, babban ma malamin makaranta ne, amma shi ya tsaya inda ya tarar da ubansa. Cewa yake da masallaci da coci duk zuwa suka yi suka same shi. Tare suka yi kiwon awaki da Kawu suna yara, tare suka tsufa suna zolayar juna. Kawu ya ce masa, "Kai dai wuta tana jiranka." Shi kuma ya ce, "In na riga ka, ni kama maka wuri bakin ƙohwa, inda iska ke shigowa."

A gidan tsohon, in an yi taro, ƙwaryar farko ta burkutu babban baƙo ake miƙa wa. Kawu bai taɓa sha ba, mutum ne da ba ya wasa da sallah. Amma kuma bai taɓa mayar da hannun abokinsa ba. Sai ya karɓi ƙwaryar da hannu biyu, ya ɗaga ta har kusa da haɓarsa, ya ce an gode, ya mayar masa. Haka suke yi tun kafin a haife ni, kuma ba wanda ya taɓa ganin abin magana a ciki.

Wata bazara autan tsohon ya yi aure, malamin makarantar ya ɗauke ni aikin hoto. Na ƙarar da fim mai kala a coci da kan amarya da ƙawayenta. Da la'asar ta yi aka koma gida, dattawa suka ja gefe ƙarƙashin wata tsamiya da tukunyarsu, nesa kaɗan da mutanen coci. Ina haɗa kayana tsohon ya yafito ni.

"Kai, ɗan gidan abokina, zo nan. Ni ban taɓa tsayawa gaban abin ga naka ba. Ɗauke mu ni da wanga mutum, in rataya a zaure, jikokina su san wanda ya hana ni sakat tun ina yaro."

Na ce mai kala ya ƙare, sai baƙi-da-fari a ɗaya kyamarar. Ya ce to da ma su wace kala ta rage musu.

Daidai nan aka kawo ƙwaryar farko. Tsohon ya karkata ta zai ɗan zuba a ƙasa, yadda suke yi wa kakanninsu kafin kowa ya sa baki. Malamin, wanda yake tsaye kusa, ya dafa hannunsa ya ce a hankali, "Baba, yau dai a bari, ga baƙi nan suna kallo." Tsohon ya dube shi, ya fasa. Ya juya ya miƙa wa Kawu. Kawu ya karɓa da hannu biyu ya ɗaga, ya faɗi wata magana da ban ji ba, tsohon ya fashe da dariya. Na latsa. Na yi ta latsawa, don haske ya yi kyau kuma sun manta da ni gaba ɗaya.

Sai da na hau babur na kama hanyar gida tsoro ya kama ni. Zauren tsohon a bakin hanyar kasuwa yake, Musulmi da Kirista kowa yana shiga ya sha ruwa ya gaisa. Hoto ba shi da bakin da zai ce wa mai kallo ai wannan dattijo bai sha ba, riƙewa kawai ya yi. Abin da ido zai gani shi ne Kawu da ƙwaryar burkutu a bakinsa, ga tukunya a gefe. Na riƙa hango shi kwance a gaban jama'a, da furfurarsa, ana ɗaga masa bulala. Ban san ko alƙali zai karɓi hoto a matsayin shaida ba, ban kuma je na tambayi wani malami ba. Shi kansa Kawu ban tambaye shi ba. Akwai kuma wani abu da na daɗe ina kewaye shi a raina: duk hoton da ya fita daga hannuna da hatimin shagona a bayansa yake fita. Da tsoron bayan Kawu da tsoron nawa bayan, har yau ban iya raba su ba, ban san wanne ya fi nauyi ba.

Washegari da hantsi na shiga ɗakin duhu. Da na so, buɗe bayan kyamara kawai zan yi haske ya cinye fim ɗin, shi ke nan. Hannuna ya ƙi. Na naɗe shi yadda na saba, na zuba magani, na kifa na miƙar a hankali, na buga gindin gwangwani don kumfa, kamar babu abin da ke raina. Da na zubar da magani na biyu na buɗe murfi, na warware fim ɗin, na ɗaga gefen bargo na duba a hasken taga.

Ban taɓa ɗaukar hoto irin wannan ba, kafin ranar ko bayanta. Kawu yana riƙe da ƙwarya yana harar abokinsa ta gefen ido. Tsohon ya jefa kai baya yana dariya, tafin hannunsa a kan gwiwar Kawu. Ganyen tsamiya ɗai-ɗai sun fito, har saƙar tabarmar da suke kai ana iya bi da ido. Na bi fim ɗin daga farko har ƙarshe ina neman guda ɗaya da babu ƙwaryar. Babu. A tsakiya take a kowanne, ba yadda za a yanke ta ba tare da an yanke hannun Kawu da rabin fuskarsa ba.

Na yi tunanin in ɓoye shi in ce bai fito ba. To amma samarin nan suna buɗe mini akwati yadda suka ga dama. Na kuma san kaina, muddin fim ɗin yana nan, ranar da Kawu ya dube ni ya tambaya sai na ɗauko. Sannan kowa ya san al'adata, in fim ya lalace nakan nuna wa mai shi ya gani da idonsa. Dole in sami gawar da zan nuna.

Na fita tsakar gida. Maiɗakina ta ɗora ruwan tuwo a murhu, ya fara tururi. Na ɗauki kwano na ɗebo.

Ta ce, "Malam, yau kuma da ruwan zahi aka wanke hoto?"

Na ce, "Ke kika koya mini aikin?"

Ta ci gaba da tankaɗe. Na wuce randunana biyu cike da ruwan sanyi, na koma ɗaki, na tsoma fim ɗin a kwanon. Bai ɗauki lokaci ba fuskarsa ta kumbura ta saki. Na sa babban yatsa na shafa, ta biyo yatsan tana yauƙi kamar miyar kuɓewa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fi kyau shi na bari ƙarshe, ban san amfanin hakan ba. Da na gama na maƙale fim ɗin a igiya ya bushe, yadda nake yi wa na kirki.

Ranar kasuwa suka zo, tsohon da Kawu. Tsohon ya sa sabuwar riga, da wani abu ƙunshe a buhu a hammatarsa. Tun daga ƙofa yake gaya mini ya riga ya kafa ƙusa a bangon zaure, daidai inda mai shigowa zai fara gani. Na ba su benci, na kawo ruwa, na yi ta jan gaisuwa har ta ƙare mini. Sannan na ɗauko fim ɗin na miƙa masa, na ce zafin bana ya ɓata mini magani, aikin ya lalace.

Ya riƙe shi da hannu biyu ya ɗaga sama yana dubawa. Babu komai a jiki sai toka-toka da ɗigo-ɗigo. Ya daɗe a haka.

"Na coci sun hito?"

Na ce sun fito, jiya aka kawo su daga Katsina.

"Na amarya hwa?"

Na ce duk sun fito.

"To ka gani, ɗana. Maganinka lahiya lau shike. Namu kaɗai ya ƙi. Ran nan ban zuba ma na ƙasa nasu ba. Yaro ya riƙe mini hannu, ni kuma babba da ni na biye mishi. Ga shi sun nuna mini." Ya mayar mini da fim ɗin. "Ka yi haƙuri, na sa ka yi asarar kayan aikinka."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Baba, ba laifinka ba ne. Ku tashi ku zauna can gaban labule in sake ɗaukarku yanzun nan, ga kyamara, ga fim."

Ya girgiza kai. "Abin da anka hana ka sau ɗaya ba ka komawa roƙo. Rashin kunya ne."

Na roƙe shi, na sake roƙo. Na ce Kawu ya sa baki. Kawu ya miƙa hannu. Ya ɗauki fim ɗin daga kan tebur yana juya shi a hasken ƙofa, ya kai shi kusa da ido, ya ajiye. Tsohon ya kwance bakin buhu ya fito da zabuwa, ƙafafunta a ɗaure. Ya ce tukuici ya kawo ta, yanzu ta zama ta ban-haƙuri, in karɓa kada in ƙara masa nauyi. In na ƙi karɓa sai na faɗi dalili. Na sa hannu biyu na karɓa, har da godiya.

Ni na yanka ta, maiɗakina ta dafa. Ta dire kwanon a gabana da ɗan ƙarfi. Na ci, don yunwa ba ruwanta da kunya, amma ban taɓa cin naman da ya tsaya mini a ƙirji irin wannan ba.

Daga baya na ji tsohon ya daɗe ba ya amsa gaisuwar babban ɗansa. Malamin ya zo karɓar hotunan biki ya zauna yana ba ni labari, yana cewa shi fa bai yarda da waɗannan abubuwa ba, amma da ya sani da ya bar tsoho ya zuba abinsa. Ina jinsa ina jera masa hotuna a ambulan. Kullum sai in ce ranar kasuwa mai zuwa zan je Bugaje in faɗi gaskiya, kasuwa ta ci ta watse ban je ba. Sau ɗaya na je da kyamara a rataye lokacin noman farko, na same su a kan iyakar gonakinsu suna musu a kan akuyar wa ta ci wake. Da tsohon ya ga na taɓa kyamarar sai ya sauke malafarsa ya rufe fuska yana dariya, ya ce in rufa masa asiri. Na juyo da maganata a ciki.

Samarin nan kuwa zafinsu bai daɗe ba. Wasu suka koma tasha, wasu suka shiga siyasa. Ba wanda ya taɓa tambayar Kawu komai, ni ma ba wanda ya tambaye ni. Ko hoton ne da babu ya tsare mu, ko da ma babu abin da zai faru, wannan Allah ne ya sani. Na sha kafa wa kaina hujja cewa rigakafi na yi, hujjar takan riƙe ni kwana biyu ta sake ni.

Bayan kaka ta gaba tsohon ya rasu. Ciwon bai yi tsawo ba. Kawu yana cikin waɗanda suka haƙa kabarin, duk da an ce masa ya bar wa yara. Ni ban iya zuwa ba sai gaisuwa, na tsaya a ƙofar gida na yi na juyo.

Bayan an share makoki, wata ranar da babu kasuwa, Kawu ya zo shagon shi kaɗai. Ya zauna a kujerar da nake zaunar da masu fasfo. Muka gaisa, na sake yi masa ta'aziyya. Ya daɗe yana kallon motocin da ke layi a bakin iyaka.

"Tun ran nan na ga sawun babban yatsanka bisa abin nan," ya ce. "Magani ba shi da yatsa."

Na sunkuyar da kai. Na gaya masa duka, da ƙwaryar, da samarin, da bulalar, da ruwan tuwon. Hatimin shagon ma na faɗa. Bai katse ni ba.

"Gadon bayan da za a buga, naka ne ko nawa?"

"Naka ne, Kawu."

"To da ka tambayi mai bayan."

Na zaci zai tashi ya tafi, sai ya gyara zama.

"Kahin ka kashe shi, ka gan shi?"

"Na gan shi."

"Ya hito?"

"Ya fito, Kawu. Ban taɓa yin wanda ya kai shi ba."

"Hwaɗa mini yadda munka hito."

Na fara ba shi labari, inda kowa ya zauna, inda hannun kowa yake, yadda tsohon ya jefa kai baya. Kawu ya rufe ido yana gyaɗa kai. Ya tambaye ni ko an ga giɓin haƙorin abokinsa na gaba, na ce an gani. Ya tambayi hular, na faɗa masa ta karkace.

"Hurhurar gemun nan nashi hwa, ta hito sosai?"

Na ce ban sani ba. Ban kai ga buga shi a takarda ba, a fim kawai na gani, shi kuwa fim komai a juye yake nunawa. Baƙi ya fito fari, fari ya fito baƙi. Gemun baƙi wuluk na gan shi.

Kawu ya buɗe ido ya dube ni.

"Ashe da baƙin gemu ka gan shi," ya ce. "Haka shike lokacin da munka yi samartaka. Shi nike ta son in tuna, ya ƙi zo mini."

Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ce zai je ya nemi motar Bugaje tun rana ba ta yi ba.